Shekara uku ina gyaɗa kai ga maganar da ban ji ba

Ni malamin Islamiyya ne a Tudun Wadan Kaduna, kuma kafin wannan abu ya same ni da kunnena nake cin abinci. Shekara 14 ina karɓar hadda. Yara su jeru, kowa ya zo ya durƙusa gabana ya kawo tasa, ni kuwa ko hankalina na kan rajista, da yaro ya gajarta madda ko ya haɗiye gunna sai in ɗaga kai. Kunnen ke kama kuskure tun kafin in yi tunani. Da safe rediyo ce abokiyar shan kununa, da daddare kuma majalisa a ƙofar gidan wani maƙwabcinmu, inda ake cewa in ban fito ba hira ba ta yi armashi ba.

A watan Afrilu na 2017 na je ta'aziyya wani ƙauye a jihar Zamfara, wurin dangin mahaifiyata. Shekarar nan sanƙarau ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ga tsananin zafi, ga mu cunkushe a zaure ɗaya muna kwana. Kwana huɗu da dawowata zazzaɓi ya rufe ni. Na ɗauka na cizon sauro ne, na aika kemis aka sayo mini magani. Washegari wuyana ya ƙage, ba na iya sunkuyar da kai, haske na sukar idona, ga amai. Daga nan ban ƙara sanin inda kaina yake ba. Maiɗakina ce ta ba ni labarin sauran: yadda aka kinkime ni zuwa asibiti, aka ɗebi ruwa a gadon bayana, aka yi ta ɗura mini allura ta jijiya.

Da na farfaɗo, Inna na fara gani zaune a bakin gado, leɓɓanta na motsi. Na ɗauka lazimi take yi. Sai na ga ta juya wajen maiɗakina, ita ma bakinta ya motsa, sannan su biyu suka zuba mini ido kamar masu jiran amsa. Na ce, "Inna, ki ɗaga murya." Muryar tawa ma daga can ƙasan rijiya na ji ta. Inna ta matso daf da kunnena na dama, na ji ɗumin numfashinta a kumatuna, na ga jijiyar wuyanta ta miƙe saboda ƙarfin da take yi. Ban ji ko harafi ɗaya ba.

Mutane suna zaton kurma cikin shiru yake zaune. Ni ban samu shirun ba. Tun daga ranar wata ƙara ta tare a kaina, wani lokaci kamar injin niƙa a bayan layi, wani lokaci kamar kukan gyare, dare da rana babu hutu. Ga jiri. Na yi watanni ina tafiya ina dafa bango, kuma har yau idan aka ɗauke wuta ina tsaye sai na nemi abin kamawa.

Magani kuwa babu irin wanda ba a kawo ba. An ɗiga mini man zaitun mai ɗumi, an yi tofi, na sha rubutu, an yi ruƙiyya. Wata gwaggona ta rantse sammu ne, har ta fara lissafa waɗanda take zargi cikin abokan aikina, na roƙe ta ta bari. Ban raina addu'ar kowa ba, ita nake yi har gobe. Amma wata uku muka ɓata kafin a kai ni inda za a auna kunnen.

Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a nan cikin Kaduna take tun 1999, mutane na zuwa mata daga jihohi masu nisa, ni kuwa da nake gari ɗaya da ita ban taɓa sanin aikinta ba. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai kaurin bango, aka sa mini abin sauraro a kunnuwa biyu, aka ce duk lokacin da na ji sauti in ɗaga hannu. Da aka zo kunnen dama, hannuna bai bar cinyata ba har aka gama. Likita ya nuna mini takardar, ya zana mini bayani da biro. Hirar yau da kullum, in ji shi, ƙarfinta kamar desibel 60 ne a ma'aunin ƙarfin sauti, kunnena na hagu kuwa ba ya fara kama sauti sai an kai wajen 70. Na dama ya tafi. Dodon kunnena lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar tana can ciki, a wani ɗan abu mai siffar katantanwa, inda ake da wasu ƙananan gasu masu miƙa sauti ga jijiya, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ya ce cikin mutum biyar da suka tashi daga irin wannan sanƙarau, ɗaya kan fita da wata larura da za ta zauna masa, kuma rashin ji na cikin waɗanda aka fi gani. Ya ambaci aikin dasa na'ura a cikin kunne, amma da ya rubuta yawan miliyoyin da ake magana, ni da Yayana muka dubi juna kawai.

Na'urar ƙara ji ta kunnen hagu ita ce abin da za mu iya. Maiɗakina ta haɗa kwasar adashinta da 'yan kunnenta na zinariya da aka sa mata a lefe, Yaya ya cika. Na ɗauka da an maƙala ta shi ke nan, zan koma yadda nake. Ranar farko da na fito titi da ita sai da na dafe kai. Na'urar ba ta san maganar mutum daban, janareta daban ba, duk tare take ɗagawa. Hon ɗin Keke, ƙarar cokali a kwano, iskar fanka, su ne suka cika mini kai, maganar da nake nema kuwa ta zo kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba. Sin da shin da fa'un duk suka narke suka zama abu ɗaya.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne tsada a rayuwata: na yanke shawarar ɓoyewa. Idan zan fita sai in jawo hula ta rufe bayan kunnen, wani lokaci ma in cire na'urar in jefa aljihu. Na ce wa mutane sauƙi ya samu, saura kaɗan. Na koyi kallon leɓe, amma duk wanda ya gwada ya san iyakarsa. Ka tsaya gaban madubi ka ce bari, ka ce ɓari, ka ce mari, ka ga ko akwai bambanci a bakinka. Ƙashi da gashi ma haka. Karin sautin da ke raba kalma da 'yar'uwarta a Hausa kuwa ba ya fitowa a leɓe ko kaɗan. Don haka rabin magana nake kamawa, in cike sauran da hasashe, in na rasa kuma sai in gyaɗa kai in ce "haka ne". Da wannan "haka ne" na amsa tambayoyin da ban ji ba, na yarda da alkawuran da ban san na ɗauka ba.

Haka na koma makaranta. Na sa yara su riƙa matsowa ta hagu, na buɗe Mushafi ina bi da yatsa, abin da ban taɓa yi ba. Wata Lahadi da hantsi wani yaro ya zo ya kawo Suratun Naba'i. Ina kallon bakinsa, ina jin amon muryarsa yana tashi yana sauka, yatsana na tafiya a kan layi bisa ƙiyasi. Ya kai ƙarshe ya yi shiru. Na ce, "Madalla, Allah ya yi albarka, je ka zauna." Na ɗauki biro zan sa masa maki. Sai na ga wata yarinya 'yar shekara tara a layin gaba ta ɗaga hannu. Na ce mene ne. Ta yi magana, ban kama ba. Ta maimaita, ban kama ba. Sai ta taso, ta zo ta ɗora ɗan yatsanta a kan shafin da ke gabana, ta nuna aya biyu, ta nuna yaron, ta girgiza kai. Ya tsallake su, ni kuma na sa masa albarka.

Babu yaron da ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Suka sunkuyar da kai gaba ɗaya, irin kunyar da yaro kan ji idan ya ga babba a halin da bai kamata ya gan shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yara nawa na sallama da kuskure a littafin Allah cikin waɗannan watanni? Amana ce iyaye suka damƙa mini. A makon na ajiye aikin, na ce da shugaban makaranta jiri ne ya matsa mini. Ko a nan ban faɗi gaskiya ba.

Yaya ya zaunar da ni a shagonsa a Kasuwar Barci. Ban yi wata biyu ba. A ce a ba da wannan in miƙa wancan, a yi ciniki in amsa kuɗin da ba shi aka faɗa ba. Majalisa ma ta gagare ni, domin hirar dare ce, fuskoki ba sa ganuwa, kuma mutum biyar ke magana lokaci guda. Sai in ga an tuntsire da dariya, ni ma in yi, a makare. In na yi ƙarfin hali na ce, "Me aka ce?" sai wani ya yarfa hannu ya ce, "Ƙyale kawai, ba wani abu ba ne." Na san ba da mugunta ake faɗa ba. Amma duk wanda ke da mai larurar ji a gidansa, ina roƙonsa don Allah ya daina faɗin wannan kalma. Abin da take isarwa shi ne, ba ka kai a maimaita dominka ba.

Sai kuma maganganu suka fara dawowa. An yi mini sallama daga baya ban amsa ba. An kira ni a hanya na yi kunnen uwar shegu. Wani dattijo ya kai ƙarata wajen Yaya, wai tun da na tashi daga ciwo na ɗauki girman kai. Tun da na ce wa kowa na warke, da me zan kare kaina? A masallaci kafaɗar na kusa da ni nake bi. Ranar da liman ya kawo ayar sujada aka faɗi ƙasa, ni kaɗai na yi ruku'u a tsakiyar sahu. Daga nan na fara salla a gida, ni da a da nake jan mutane idan liman bai zo ba.

Ban san ranar da abin ya rikiɗe daga baƙin ciki ya zama ciwo ba. Na dai wayi gari barci ya zama na awa biyu ko uku. Ƙarfe biyun dare idona ya bushe, in zauna a tsakar gida ni da ƙarar da ke kaina har a yi asuba, asubar da ba na jin kiranta. Abinci ya koma kamar ƙasa a bakina, wanduna suka yi mini yawa. Wanka ya zama aiki, sai in yi kwana uku ina cewa anjima. Karatun da nake yi kullum tun ina yaro na kasa, in buɗe Mushafi in yi ta kallon shafi ɗaya. Ga saurin fushi. Babban ɗana ya yi mini magana yana kallon wani wuri, sai in daka masa tsawa, ban ma san ƙarfin muryata ba, sai dai in ga ya zabura. Yara suka koma raɓewa idan na shigo. Maiɗakina ta kama suyar awara a ƙofar gida don a samu na cefane, ni ina kwance a ɗaki ina kallon silin, ina ƙirga abin da nake ci wanda ban nema ba.

A 2019 autarmu tana da wata takwas. Wata rana da azahar mahaifiyarta ta shimfiɗe ta a gado tana barci, ta taɓa ni ta nuna mini ita, ta nuna cewa za ta je niƙa ta dawo. Na gyaɗa kai. Batirin na'urata ya mutu tun jiya, ban damu in saya ba. Na fito na zauna a inuwar baranda, bayana ga ƙofar ɗakin, taku biyar tsakanina da ita. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Sai kawai na ga maƙwabciyarmu ta faɗo gidan a guje ko mayafi babu, ta wuce ni ta shige ɗakin. Na bi ta. Yarinyar ta faɗo daga gado, tana ƙasa, fuskarta ta yi jawur, ta jiƙe sharkaf da gumi da hawaye, bakinta a buɗe amma ko ƙarfin kukan ya ƙare. Ta bayan katanga matar ta jiyo ta. Allah ya kiyaye, ƙulu ne kawai a goshi. Matar ba ta ce mini komai ba, ta miƙo mini ita. Na karɓa, na ji ƙirjinta na bugawa a tafin hannuna kamar na ɗan tsuntsu. A daren ne na fara faɗa wa kaina cewa da na mutu a asibiti da ya fi musu.

Na san hukuncin yanke ƙauna, ni nake koya wa yara. Wannan ya ƙara mini nauyi, domin na ɗauka imanina ne ya lalace. Masu zuwa duba ni ma abin da suke faɗa ke nan: "Malam, ka yi tawakkali mana, kai da ke yi wa mutane wa'azi." Sai in gyaɗa kai.

A ƙarshen watan Maris na 2020 aka kulle Kaduna saboda korona, aka rufe masallatai da kasuwanni, har azumi ya shigo ya fita. Da aka fara fita kuma, kowa da takunkumi a fuska. Ɗan leɓen da nake dogaro da shi ya ɓace. In tsaya gaban mai kemis, in ga idanunsa kawai suna jira, ban san ko ya yi magana ko bai yi ba. Na daina fita ko ƙofar gida.

Wani dare cikin damina ina zaune a baranda, maiɗakina ta fito da tocila da littafin rubutun ɗanmu na makaranta. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta buɗe bayan littafin ta rubuta: "Malam, shekara uku ina kallonka. Don girman Allah ka rubuta mini abin da ke ranka." Na daɗe riƙe da biron. Sannan na rubuta abin da ban taɓa furtawa ba, cewa ni kaya ne a kansu, kuma kullum ina roƙon kada in wayi gari. Ta karanta. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta ce in yi istigfari ba. Ta riƙe hannuna har gari ya waye, da safe kuma ta saka hijabi ta kai wa Yaya littafin.

Yaya ya ce sai Barnawa. Duk ɗan Kaduna ya san abin da ake nufi idan aka ce an kai mutum Barnawa, wato asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke can. Na ce kurumta ba ta ishe ni ba, sai an ƙara mini da sunan mahaukaci? Na rufe ƙofa. Yaya bai ja da ni ba, ya je ya ɗauko malamin da ya koya mini tajwidi, tsoho ne yanzu, da sanda yake tafiya. Ya zauna a kan buzuna, ya karɓi takarda ya yi rubutu da ajami, hannunsa na rawa. Ya tuna mini Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, kuma babu wanda ya isa ya ce ba shi da tawakkali. Ya tuna mini shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, wadda har yau ake kira shekarar baƙin ciki. A ƙasa ya rubuta: "Da wuyanka ya ƙage ka je asibiti. Yanzu ma tashi ka je. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ban iya musa wa malamina ba.

Likitar da ta gan ni mace ce, da takunkuminta. Yaya ya fara yi mata bayani, ta ɗaga masa hannu cikin ladabi, ta jawo farar takarda ta juyo da kujerarta ta fuskance ni. A shekara ukun nan na saba a yi maganata da wanda ya rako ni, ina zaune kamar kayan da aka kawo gyara. Ita da ni ta yi. Ta rubuta tambaya, in amsa da baki. Barci? Abinci? Akwai abin da ke faranta maka rai yanzu? Tun yaushe? Sannan ta rubuta, ƙarara, "Kana jin gara ka mutu?" Na ce e. Alƙalaminta bai tsaya ba, fuskarta ba ta canza ba, ta ci gaba da tambaya har ta gamsu. Daga ƙarshe ta rubuta cewa wannan ciwo ne sananne, ciwon damuwa, kuma idan irin waɗannan alamu suka wuce mako biyu suna hana mutum harkokinsa, magana ta zama ta asibiti. Ta ce ana yawan ganinsa ga waɗanda suka rasa ji da girmansu, saboda rashin ji yana yanke mutum daga jama'a yana tsakiyarsu, ga ƙarar kunne da ke hana barci. Takardar nan tana cikin akwatina har yanzu.

Ta ba ni ƙwaya ɗaya kullum, ta gargaɗe ni cewa sai an yi makonni kafin in ga aikinta, kuma kada in daina da kaina ko na ji sauƙi. Haka aka yi. Mako biyun farko babu abin da na gani sai bushewar baki. Wajen mako na biyar na farka na tarar rana ta fito, na yi barcin awa shida. Bayan nan wata rana na ji ƙamshin ɗumamen tuwo na ce a zubo mini. Na sha maganin fiye da shekara kafin ita da kanta ta fara rage shi sannu a hankali.

Amma akwai aikin da ƙwaya ba za ta yi mini ba. A zama na uku aka ba ni aikin gida: in samu mutum uku in gaya musu da bakina cewa ba na ji. Na fara da mai shayin bakin layinmu. Na tsaya gaban teburinsa, na tura hulata baya na nuna masa na'urar, na ce, "Ka ga, kunnen dama ya mutu, na hagu saura kaɗan. In za ka yi mini magana ka dube ni, kada ka yi ihu, ka dai yi a hankali." Gabana na faɗuwa kamar mai amsa laifi. Ya ajiye butarsa, ya dube ni sosai, ya ce, "Haba Malam, ai mun daɗe da sani. Mun ga ba ka so a yi maganar ne." Ya jawo benci ya sa mini a ƙarƙashin fitila, inda zan riƙa ganin fuskar kowa.

Akwai wani mai wankin hula a hanyar kasuwa, kurma ne tun haihuwa. Shekaru ina wuce shi. Bayan na rasa jina ma har sauya hanya nake yi, domin ina gudun a haɗa ni da shi, ina ce wa raina ni ba irinsu ba ne. Wannan girman kai ne na gaske, kuma na nemi gafarar Allah a kansa. Ranar da na kai masa huluna ya ga na'urar, ya nuna kunnensa, ya nuna nawa, ya haɗa yatsunsa biyu manuniya wuri ɗaya. Ya ja ni zuwa inda suke taruwa da yamma. Na tarar da teloli, da kafinta, da mai gyaran takalmi, da ɗalibai, hira ta kaure, hannuwa na tashi, ana dariya har da riƙe ciki, kuma babu wanda aka bari a baya. A wurinsu na san cewa maganar hannu iri biyu ce a nan: akwai ta Hausa da kurame suka gada a tsakaninsu tun da daɗewa, akwai kuma ta makaranta wadda asalinta daga Amurka ne. Na zama ɗan koyo ina da shekara 43, suna gyara mini yatsu kamar yadda nake gyara wa yara makhraji.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne da wani magidanci a cikinsu ya tambaye ni me ake faɗa a tahiya. Shekara 30 yana salla yana kwaikwayon motsin mutane, yana zuwa Juma'a yana zama har a gama huɗuba, babu wanda ya taɓa zama ya fahimtar da shi. Tun watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a ƙasar nan, amma ni abin da ya fi damuna namu ne na cikin gida: masallatanmu da Islamiyyunmu, da mu malamai da muka ɗauka duk wanda bai ji lasifika ba ba ya cikin lissafi. Ni ma haka nake kafin 2017.

Ba zan ce na warke sarai ba. A hunturun 2022 na'urata ta lalace, na yi mako shida babu ita, sai na ga barcin ya fara guduwa, na fara jin nauyin fita. Wannan karon na gane baƙon tun daga ƙofa, na gaya wa maiɗakina, muka koma asibiti kafin ya zauna. Ƙarar kaina tana nan. Har yanzu 'yan'uwa na turo mini saƙon murya a WhatsApp, in mayar musu da cewa su rubuta. Kuma akwai abin da nake kewa wanda babu mai mayar mini: ruwan sama a kan kwano, da kiran assalatu daga masallatai daban-daban yana haɗuwa a sararin unguwa. Autata an haife ta bayan ciwon, don haka ainihin muryarta ban san ta ba, sai yadda na'ura ke kawo mini ita.

Na koma Islamiyyarmu, ina koyar da fiƙihu da rubutun Larabci. Hadda wani matashi ke karɓa, ɗaya daga cikin yaran da na yaye. Ranar Alhamis da Juma'a da babu karatu, shugaban makaranta ya ba ni aji ɗaya, ina zama da yara kurame tara da magidanta uku. Muna yin alwala a aikace, muna rubuta Fatiha a allo, in yi musu bayanin ma'ana da hannu gwargwadon abin da na iya, inda na kakare mai wankin hula ya karɓa. Autar tawa ce ke riƙe mini alli. Ita ta fi kowa a gidan iya maganar hannu, kuma ba ta taɓa yi mini magana ba tare da ta fara taɓa gwiwata ta jira na dube ta ba. Makon jiya mun gama tahiya, wannan makon za mu shiga sujadar rafkanuwa.